Shago ko makaranta: ina za a kai yaron da ke son aikin katako?

Bayan Babbar Sallah ƙanwata ta zo gidana a nan Bauchi, ta taho da ɗanta na biyu wanda ya kammala aji 3 na ƙaramar sakandare. Da aka gaisa sai ta ce, "Yaya, yaron nan ba shi da zance sai na katako. Har kujerar tsakar gida ya ɓalle ya sake haɗawa. Babansa ya ce a kawo maka shi shago kawai, ni kuma raina ya fi kwanciya da kwalejin fasaha. Kai ne a cikin harkar, ka raba mana gardama."

Ban ba ta amsa a ranar ba. Na fi shekara 30 ina riƙe da zarto. A shago na koya, a shago na yaye yara, na kuma yi aiki da samarin da suka zo mini da takardar makaranta a hannu. Na ga inda kowace hanya ke kai mutum da inda take yasar da shi, shi ya sa na ce ta ba ni kwana 3. Abin da na faɗa mata shi zan shimfiɗa a nan, don na san iyaye da yawa a Bauchi da Gombe suna tsaye a wannan mararraba.

Da farko sai an san wane irin kafinta ake nufi, domin sunan ɗaya ne amma sana'o'in sun rabu. Akwai mai rufin kwano. Akwai mai kushin, wanda aikinsa ya fi karkata ga soso da yadi. Akwai mai aikin bod, wato fallayen MDF da HDF na garin katako da aka matse, masu ƙafa 4 a ƙafa 8, da ake yanka wa a inji a ɗaure da sukuru a fitar da gado da wadirof na amare. Sannan akwai mai aikin katako zalla, mai ƙofa da tebur da kujera da akwati, wanda yake haɗa itace da itace su riƙe juna ko babu ƙusa. Wannan na ƙarshe shi ne ke ƙarewa a hannunmu, kuma shi ɗan ƙanwata yake so ko da bai san sunansa ba. A kansa zan auna shago da makaranta.

Abin da shago ke bayarwa wanda babu makarantar da za ta iya bayarwa shi ne maimaici. Yaron shago yana taɓa katako daga safe zuwa la'asar, kwana 6 a mako, shekara da shekaru. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sa na yi wata 4 ba na komai sai shara da miƙe tsofaffin ƙusoshi da wasa bakin filen, abin goge fuskar katako, da na cizal, ƙarfen fafe rami, a kan dutse. Idan na kawo masa na ce ya yi kaifi, sai ya ɗauki guntun katakon obeche ya yanka ta kan goshin katakon, wato bakin da zarto ya datse. In ƙarfen ya murƙushe naman itacen maimakon ya yanke shi sumul, sai ya miƙo mini abina bai ce uffan ba. Sai da na fara haɗa aiki da kaina na gane cewa duk haɗin da ya ƙi zama, a kan dutsen wasa ya fara lalacewa.

A shago ne kuma yaro ke sanin itace da hannu da hanci, har da harshe. Maɗaci ja ne, kuma sunansa bai yi ƙarya ba, in ƙurarsa ta shiga baki za ka ji ɗacin. Iroko yana fitowa rawaya-rawaya daga bakin zarto, ya yi ta duhu har ya koma ruwan ƙasa, ƙurarsa kuma tana sa atishawa. Malaina fara ce marar nauyi, mai daɗin aiki, amma tana riƙe ruwa a ciki ta yaudare ka da busasshiyar fuska. Obeche taushi gare shi, ƙwaro na sonsa. Kirya tana dakusar da zarto kafin a raba ta biyu. Yaron da ya yi shekara 2 yana bin maigidansa layin 'yan katako a kasuwar Muda Lawal, yana ganin yadda ake ɗaga falle a ji nauyinsa, a ƙwanƙwasa a saurari amonsa, a kanne ido ɗaya a duba ko ya murɗe, ya sami abin da ba a rubuta shi a allo. A nan ne zai koyi ciniki da yanke farashi, da yadda ake magana da uwar amarya da ta zo da hoton gado a waya da kuɗin da bai kai rabinsa ba. Zai san cewa aiki yana yawa da kaka da gabanin azumi, yana ja baya da damina, don haka dole a iya tattali.

To amma shago yana koyar da abin da kasuwa ta kawo ne kawai. Idan shekara guda maigida bai sami odar komai ba sai gadon bod, yaron zai shekara yana ɗaure sukuru da manna bakin falle. Ba na zagin bod. Shimfiɗaɗɗe ne, ba ya murɗewa, yana ɗaukar ado, ya fi katako araha, kuma shi amare suke so. Ni ma ina yi, da shi nake biyan haya. Sai dai ruwa yana kumbura shi, kuma in aka kwance gado aka sake ɗaurawa sau 2 ko 3 wajen tashi daga gidan haya, sukurun ba ya sake kamawa. Wanda bod kaɗai ya sani zai iya kammala koyo cikin ɗan lokaci ya fara samun kuɗi, amma ranar da aka kawo masa tsohuwar ƙofar zaure a ce ya gyara, sai ya tsaya yana kallonta.

Matsala ta biyu ita ce a shago ba a cika amsa "don me?" ba. An ce yi kaza, ka yi. Maigida da yawa sun iya abin amma ba su iya faɗinsa ba, wasu kuma da gangan suke ɓoyewa, sai an zo wurin da ke da sirri a aiki yaro sayen gam. Ga lissafi da zane. Ni kaina na taɓa rasa aikin ƙofofin wani babban gini saboda an miƙo mini zanen injiniya da awo a milimita, ni kuwa inci kaɗai na sani, ban kuma san abin da 1:20, wato ma'aunin girman zanen, ke nufi a ƙasan takarda ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Sai da na nemi wani malamin fasaha ya riƙa zaunar da ni bayan isha'i kafin na toshe wannan ɓarakar, ina da mata da 'ya'ya a lokacin.

Akwai kuma abin da ya fi damun uwa, kuma tana da gaskiya: tarbiyya. Yaro yana ɗaukar halin shago kamar yadda riga ke ɗaukar ƙurarsa. In maigida mai karɓar kafin alƙalami ne ya cinye ya riƙa ɓuya, yaron zai ɗauka haka sana'ar take. Mu kafintoci da teloli mun san sunan da muka yi wajen alƙawari, kuma ba a banza muka yi shi ba. A wasu shagunan yaro zai shekara 3 rabinsu a aike da wankin mota da kai 'ya'yan maigida makaranta. A inda ake aikin kushin kuma ga gam mai warin nan a buɗe kullum, kuma ta nan wasu yara suka fara shaƙar sholisho.

Hanyar makaranta kuwa a tsare take. Yaro ya gama aji 3 na ƙaramar sakandare, ya shiga kwalejin fasaha ya yi shekara 3, ya zauna jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i da aka kafa a 1992, ya fito da takardar shaidar fasaha ta NTC. A tsarinsu haɗa kayan ɗaki fanni ne daban, aikin rufi da ƙofofi da tagogi fanni ne daban. Ana haɗa masa da Turanci da lissafi da zanen fasaha, saboda haka ƙofar karatun gaba ba ta rufe ba. Akwai irin waɗannan kwalejoji na gwamnati a jihohin biyu, kamar ta Gumau a ƙaramar hukumar Toro da ta Kumo a jihar Gombe. Wanda ya so ci gaba, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe, wadda tun 1977 take horar da malaman sana'o'i, har da na aikin katako. Ga kuma manyan makarantun kimiyya da fasaha na cikin Bauchi ga wanda ya karkata ga harkar gini.

Ga wani abu da ban yi tsammani ba sai da na gani da idona: tsohon aikin hannu ya fi samun mafaka a manhajar makaranta fiye da yawancin shagunanmu na yau. Haɗin rami da harshe, inda ake fafe rami a jikin ƙafar tebur a fere wa ɗayan katakon harshe ya shige daram, har yanzu ana koyar da shi a aji, da ƙa'idarsa cewa kaurin harshen ya zama kashi 1 cikin 3 na kaurin katakon. Haka haɗin da suke kira dobtel, mai kama da yatsun hannu biyu da suka sarƙe, wanda ake yi wa kusurwar durowa don kada ja ya ɓalle fuskarta. Na san shaguna da yawa a garin nan da yaransu ba su taɓa ganin an yi shi ba, ƙusa da gam sun maye gurbinsa.

Bari in ba da misali guda da ke nuna bambancin sosai, wato maganar ruwan da ke cikin katako. Yawancin katakon da muke aiki da shi daga Kudu ake ɗoro shi, daga ƙasa mai laima, sau da yawa ba a daɗe da yanka shi ba. Sabon yanka wani lokaci kusan rabin nauyinsa ruwa ne. A littafi ana so ruwan ya sauka zuwa kashi 8 zuwa 12 cikin 100 kafin a yi kayan ɗaki, hunturunmu kuwa yana tsotse shi har ƙasa da haka. Katako ba ya raguwa ta tsawo sai ɗan abin da ba a lura da shi, ta faɗi yake tsukewa. Falle mai faɗin inci 12 zai iya rasa rubu'in inci ko fiye kafin ya gama bushewa. Shi ya sa teburin da aka haɗa da ɗanyen katako a watan Agusta yake tsagewa a Janairu, ƙofar da aka daidaita da hunturu kuma take cijewa da damina. Yaron shago nagari ya san a jera katako a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin falle da falle, a jira. Amma ɗan makaranta ya san dalili, don haka zai iya tsara aikin da zai bar wa itacen wurin numfashi: allon tsakiyar ƙofa a zaunar da shi cikin kwarin da aka fafe a jikin katakon gefe, ba gam, saman tebur a ɗaure shi ta yadda zai iya motsi kaɗan. Wanda ya san dalili, in aka kawo masa itacen da bai taɓa gani ba, yana da inda zai fara.

Raunin makaranta shi ne hannu. Sa'o'in shiga ɗakin aiki kaɗan ne a mako, ɗalibai da yawa, benci kaɗan. Yaro zai yi dobtel sau 2 ko 3 a kan guntun katako don jarrabawa, shi ke nan. Na taɓa zuwa wata makaranta aka buɗe mini ɗakin aiki, na ga manyan injuna masu kyau ƙura ta rufe su, babu wuta, babu katakon gwaji, malamin da kuɗin aljihunsa yake sayo abin da yara za su yanka. Na fita raina a ɓace, don injin da ke kwance a wurin ni ban taɓa mallakar irinsa ba. Samarin da suka zo mini daga makaranta sun iya karanta zane, sun iya fitar da jerin yankan da ba ya ɓarnar katako, amma aikin da yarona zai gama kafin azahar sai su kai magariba. Wasunsu kuma, da takarda a hannu da shekara 19 a ka, shara da wasa ƙarfe sun yi musu ƙanƙanta, sai su bar sana'ar su tafi neman aikin ofis.

Ta fuskar kuɗi maganar gajera ce. Yaron shago yana samun na abincin rana tun farko, bayan shekara 1 ko 2 ya fara samun ɗan abin sabulu, ranar yaye kuma maigidan kirki yakan haɗa masa kayan aiki. Ɗan makaranta shekara 3 ana kashe masa, ba ya kawo komai. Gidan da ke jiran abin da yaro zai shigo da shi ya san amsarsa tun kafin ya tambaya.

Tambayar da ta fi taimaka mini ita ce: wane giɓi ne ya fi sauƙin cikewa daga baya? Rashin takarda yana da magani. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki 3, ana farawa daga na 3 a hau zuwa na 1, kuma wanda ya koya a shago yana iya zama. NABTEB tana da jarrabawar ƙarshen shekara ta masu zaman kansu. Hukumar samar da aikin yi ta NDE, da aka kafa a 1986, tana da tsarin tura matasa wurin masu sana'a, hukumar ITF mai hedikwata a Jos, wadda aka kafa a 1971, aikinta horar da ma'aikata ne, hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da ke Kaduna kuma tana da tsarin auna ƙwarewar da mutum ya samu a wajen aji a ba shi shaida. Amma duk waɗannan suna son wanda ya iya karatu da lissafi. Hannu kuwa da ƙuruciya yake faɗawa. Saboda haka abin da bai kamata a bari ya wuce yaro tsakanin shekara 14 da 18 ba abu biyu ne, karatu da maimaici, kuma babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke ba da su duka ita kaɗai.

Akwai malamai na uku da ba a sa su a lissafi, su ne masassaƙa. Kafin zarto da ƙusa su zo ƙasar nan, su ke fitar da turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da ƙotar fartanya da allon karatu, da gatari da gizago, daga gungume guda ba haɗi. Sun san kirya ce ta turmi, aduwa ce ta allo, sun san ta inda itace zai tsage tun yana tsaye. Roba ta kashe kasuwar akushi, 'ya'yansu da yawa sun bar gadon, itatuwan ma suna ƙarewa. Gawayi ya ci kirya, madobiya kuwa an yi ta lodinta daga Taraba da maƙwabta zuwa Sin har ta kai a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin duniya. Ba na ce a mai da yaro masassaƙi ba, don abincin ciki ya yi wuya. Amma hutu guda a gindin bishiya tare da tsohon masassaƙi zai koya masa bin jijiyar itace fiye da shekara a gaban inji. Duk wanda ya shiga Gidan Madaki a Kafin Madaki, ginin shahararren magini Babban Gwani na ƙarni na 19, ya ɗaga kai ya ga azara tana riƙe da rufi har yau, zai san mutanen da sun san itacensu.

In shago za a zaɓa, kada uba ya tsaya a kan kyan kayan da aka jera a bakin titi. Ya shiga ciki ya dubi ƙasa: in akwai nannaɗaɗɗen ɓawon da filen ke fitarwa, ana aikin katako a wurin, in garin bod ne kawai, ya san abin da ɗansa zai koya. Ya duba ko akwai katakon da aka jera yana shan iska. Ya tambayi maigida yara nawa ya yaye, ina shagunansu, ya je ya gai da ɗaya. Ya nemi a nuna masa aikin da ya shekara 10 a gidan wani. Ya dubi yatsun yaran, don injin tsaga katako ba ya mayar da abin da ya ɗauka, ya ga ko ana rufe hanci wajen feshi da yankan bod. Sannan a zauna gaban shaidu a yanka shekarun koyo da lokacin tashi, a ware lokacin salla da na Islamiyya. In makaranta ce, ya je ranar aiki ba tare da sanarwa ba, ya ce a buɗe masa ɗakin aikin katako, ya ƙirga benci ya ƙirga ɗalibai, ya ga abin da 'yan aji 3 suka haɗa da hannunsu, ya tambayi wa ke sayen katakon gwaji.

Ga yaron da karatu ya ƙi shi, ko ya haura shekara 17, ko gida na bukatar hannunsa, ni shago zan ce, amma shagon da ya ci wancan binciken da na ce uba ya yi, da sharaɗin darasin lissafi da yamma da zama gwajin sana'a kafin yaye. In dole sai ɗaya tak, kuma makarantar da ke kusa ɗakin aikinta a kulle yake, nan ma shago. Ga yaron da ke fahimtar karatu kuma iyaye za su iya ɗaukar nauyin shekara 3, kwaleji, amma kada a bar shi ya yi hutu ko guda a gida.

Ɗan ƙanwata yana cikin kashi na biyu, lissafinsa mai kyau ne. Na ce mata a nema masa kwaleji, duk hutu kuma ya tare a shago. Ta ce, "To ai shi ke nan, Yaya, sai ya riƙa zuwa wurinka." Na ce a'a. Ni kawunsa ne, in ya kawo mini ƙarfe marar kaifi zan ji nauyin mayar masa sau 5, ita ma za ta ji nauyin yi mini magana in ta ga abin da bai yi mata ba. Na kai shi wurin wani dattijo da muka yi koyo a hannun maigida ɗaya, wanda har yau ƙofa da tebur kaɗai yake yi, bai karɓi aikin bod ba. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, ka iya shara?" Ya ce ya iya. Ya nuna masa tsintsiya da dutsen wasa.

Ni kuma na sayi fallen maɗaci 2 na jera su a bayan shagona da sanduna a tsakani, na rubuta sunansa da ranar da aka ajiye su a goshin kowanne. Da su zai yi akwatinsa na farko, ba ƙusa ko ɗaya. Ran nan ya biyo ya ɗaga ɗaya ya ji nauyinsa, ya ce, "Kawu, yaushe zan fara yankawa?" Na ce ya ajiye, sai hunturu ya wuce ta kansu tukuna.